Tagar Hayaƙin Dijatu

Duk wanda ya taɓa sayen kopto, wato kwaɗon zogale, a ƙofar gidan marigayi Sidi tela a Filinge ya san Dijatu, in ma bai riƙe fuskarta ba to ya riƙe muryarta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, shekaru sittin da 'yan kai ba su rage mata kaifin baki ba. A Tabla aka haife ta, gidan manoman gero, aka kawo ta Filinge amaryar Sidi bisa amalanken shanu. Haihuwa bakwai ta yi, biyar na raye. Ta yi surfe, ta yi daka, ta toya ƙosai har idanunta suka fara gajiya, sannan ta koma dafa zogale tana kwaɗawa da ƙuli da albasa. Ba ta da abokin tsoro a unguwar. Mai awon hatsi, mai unguwa, limamin masallacin bakin hanya, kowa ya taɓa shan nasa rabon a bakinta, kuma yawanci ita ce da gaskiya, abin da ya fi ba mutane haushi ke nan.

Kalma guda ce ba a taɓa jin ta fito daga wannan bakin ba, wato sunan ɗanta na fari. Ibrah ake kiransa. A ƙasar Kurfai ɗan fari na kunya ne: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama inda yake zaune. 'Yan matan yanzu sun yar da wannan, har hoton jariri suke ɗorawa a fuskar waya, amma Dijatu ta riƙe nata da hannu biyu. A bakinta shi "wancan" ne, da ya girma ya tafi nema sai ya zama "mutumin Lome". Shi kuwa Yaya yake ce mata, don haka ya ji ƙannenta suna kira. Inna a wurinsa kakarsa ce.

Ranar da aka yaye shi, uwar mijinta ta zo ta saɓa shi a kafaɗa ta kai sashenta, kamar yadda ake yi. Sashen kuwa yana bayan ɗakin girkin Dijatu, bango ɗaya ne tsakani. Kwana uku tana tuƙa tuwo tana jin kukansa, ba damar leƙawa, ba damar tambaya. A na huɗu, da maza suka tafi gona, ta ɗauki gatari ta fasa bangon. Da mijinta ya dawo ya ga ɓaraguzai, ta ce hayaƙi ne ya dame ta ta yi masa hanya.

Gida ya kwashe da dariya, kuma dariyar ta yi shekaru ba ta mutu ba. Hayaƙi sama yake yi, ita kuwa ta fasa tagarta ƙasa, daidai fuskar wanda ke zaune kan kujera 'yar tsugunno. Ga ta 'yar mitsitsiya, ƙwarya ma da ƙyar ta wuce. Ga ta a karkace, ta shiga cikin kaurin bangon a gicciye kamar wanda ya fasa yana jin barci. Kailu, ɗan kawunta, wanda a lokacin yake koyon gini, ya ce zai gyara mata kyauta don kada a ce danginsu ba su san sama da ƙasa ba. Da muciya ta raka shi har zaure.

Karkatar nan kuwa ita ce dukan aikin. In ka zauna kan kujerarta ka duba, ba ka ganin komai sai gindin bedin da ke tsakar sashen tsohuwar, inda ake shimfiɗa wa yaron tabarma. Ta nan Dijatu ta ga ɗanta ya daina kuka. Ta nan ta ga ya yi famfara, ta ga yana ɗingishi bayan kaciya, ta ga ranar da ya dawo daga lakkol, makarantar boko, da tawada har kunne. Tsohuwar ba ta taɓa cewa uffan ba har ta koma ga Allah, amma kuma ba ta taɓa gusar da tabarmar ba.

Yanzu Ibrah ya haura arba'in, yana sayar da kayan gyaran babur a Lome, sau ɗaya yake zuwa a shekara, sati uku a kusa da Babbar Salla. Sashen kakarsa ya zama nasa, kuma a gindin bedin nan yake wuni da abokansa suna shan shayi. Da safe yakan zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon turmi. Ke nan duk ganin da take yi wa ɗanta a shekara, ta wannan ramin take yinsa. Tana sonsa fiye da sauran huɗun a haɗe, ta san da haka, kuma gara a yanke mata harshe da ta faɗa.

Bana sai ya zo da alheri a hannunsa. Bara ya ji tana tari, abin ya tsaya masa a rai, ya ƙudura zai mai da ɗakin girkin irin na birni. Aka kafa ragar waya a jikin bangon laka aka yaɓe da siminti, aka fasa babbar taga mai ƙarfe ta wajen titi, aka kawo gaz da tukunyarta. Daga Yamai kuma mota ta sauke kwalayen karo, manyan farare masu sheƙi, waɗanda za a manna a bango daga ƙasa har ƙirji su zagaye sabuwar tagar, don in miya ta fantsama a goge da tsumma. Wanda aka ba aikin Kailu ne, wanda yanzu ya zama babban mason, wato magini, a garin, furfura ta cika masa gemu amma bakinsa na nan yadda yake.

Ya shigo da metir da zare, ya auna nan ya auna can, ya duƙa gaban 'yar tagar ya ɗan jima, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Dija, ramin kusun ga naki kwananshi ya ƙare."

"Kai dai kwananka ya ƙare. Wa yac ce ka taɓa ta?"

"Karo yac ce. Kin ga girman guda? Santi sittin. Layi za shi taso daga kusurwa ya miƙe hal babbar taga. Wagga aba ta hwaɗo tsakiyar biyu, ga ta karkace. In na ce in yanka mata gurbi, tsagewa za su yi. Toshewa ta kawai."

Ibrah yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Dijatu ta juya wajen autarta Samiratu, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon aikin malanta, ta yi magana da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Ki ce ma wancan, tagata ta hayaƙi ta."

"Yaya," in ji Ibrah a hankali, "ai hayaƙin na muka zo kashewa. Gaz ba ta hayaƙi."

Shekara arba'in tana fakewa da hayaƙi, yau ɗan nata ya saye shi ya kashe, kuma don ƙaunarta ya yi. Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ba datti.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ta yafa mayafi ta ratsa ta cikin masu awaki da masu nono, ta nufi butik ɗin kayan gini. Mai butik ya fara jera mata masu furanni da masu kama da katako. Ta ce ba kyau ta zo saye ba, wanne ne ke lanƙwasa ya bi kwana? Ya yi dariya ya ce karo ba ya lanƙwasa, sai dai ƙanana sun fi bin lungu, don ana jera su kaɗan kaɗan. Ya jawo wani kwali daga ƙasan kanta, ya hure ƙura. 'Yan ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, kore shar irin na ganyen zogale. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ta duba bayansa, ta ce a ɗora mata. Da kanta ta kai shi gida a ka, wuyanta ya yi kwana biyu yana ciwo.

Ta kira Kailu gefe ta nuna masa. Ya juya ɗaya a hannu, ya ce da waɗannan kam ana iyawa, amma mai aiki ya ce a toshe, kuma kore a tsakiyar fari zai zama kamar faci a rigar Salla. Ta ce shi ma faci ne a danginsu kuma an haƙura da shi. Ta tura kwalin ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis Kailu ya sa bulo guda da guntu ya toshe tagar, ya shafe da siminti sumul. Dijatu na kallo. Washegari Jumma'a, da maza suka tafi masallaci, ta ɗauko taɓarya. Bugu uku ta yi bulon ya faɗa ta wancan gefen, ta share ɓaraguzan ta zuba wa Kailu kusa da kayan aikinsa don kada ya sha wahalar nema. Asabar ya sake toshewa. Wannan karon ba ta jira ya fita ba, yana cikin wanke cokalin gininsa ta fasa.

"Dija, ke kam aljanu kika kiwo cikin bangon ga?"

"Ko su na, kai kaka ba su hatsi?"

Kailu ya ga ba riba, ya bar wurin ya ci gaba da sauran. Aikinsa kam ba a raina shi. Ya jiƙa karon a cikin baho, ya ja zare, ya fara daga ƙasan babbar taga don guntaye su faɗa a kusurwa inda ido ba ya zuwa. Kowane ɗaya sai ya shafa masa siminti, ya manna, ya ɗan bubbuga da ƙotar cokali, ya ɗora nibo, ma'aunin daidaito, ya ga ƙwayar ruwan ta tsaya tsakiya. Cikin kwana huɗu ɗakin ya yi fari fat, har maƙwabta suna shigowa kallo suna cire takalmi. Gurbi guda kawai ya rage, na karo biyu, da baƙin rami a tsakiyarsa.

Ibrah ya aiko Samiratu da saƙo cikin ladabi: an haɗa gaz, an gwada, ba hayaƙi ko na ashana, don haka gobe za a rufe. Dijatu ta ce ta ji.

Da hantsi sai ga ta tana mirgino duwatsun murhunta guda uku, ɗaya bayan ɗaya, har tsakiyar farin ɗakin. Ta kawo karan gero da ɗanyen icce, ta yayyafa musu ruwa don kada a samu matsala, ta hura. Hayaƙi ya murtuke. Ta zauna a cikinsa tana tari, idanu jawur, tana tuƙa tuwon da ba wanda ya roƙa. Kafin azahar fararen karon sun koma kalar haƙorin mai cin goro. Abin takaicin kuma, hayaƙin duk ta babbar taga ya bi ya fita, ko zare ɗaya bai bi ta 'yar tagarta ba. Samiratu ta tsaya a waje tana dariya tana share hawaye, ba ta san wanne za ta bari ba.

Ibrah ya zo da sauri, yana zaton gobara ce. Da ya ga abin da aka yi wa bangon sai fuskarsa ta canza. Ba ya iya ɗaga wa uwarsa murya, saboda haka Kailu ne ya sha.

"Kawu, sati guda rami ɗaya ya gagare ka? Jibi baƙi za su cika gidan ga, su ce na bar tsohuwata cikin hayaƙi da ramin kusu. Ba ni bulon. Ni za ni toshe ta da hannuna, in ga mai hwasawa."

Ya shiga ɗakin. Shigarsa ta sa dole Dijatu ta tashi, don ba ta zama ɗaki ɗaya da shi. Ta fito da muciya a hannu, ta tsaya a tsakar gida ta ba ƙofar baya.

"Samira, ki ce ma wancan, in anka toshe ta a nemo min amalanke. Tabla nit taho, na san hanya."

Ibrah ya ji, amma zuciya ta riga ta ɗauke shi. Ya kashe wutar da ƙafa, ya ɗebi siminti, ya ga ba zai iya aikin a tsaye ba don ramin ya yi ƙasa. Sai ya jawo kujerarta ya zauna, ya ɗaga bulon zai cusa, idonsa ya faɗa cikin ramin.

Tabarmarsa ya gani. Ga butar shayi bisa gawayi, ga hularsa da ya ajiye kan saiwar bedi, ga matashin da yake jingina. Ya karkata kai dama, bango. Ya karkata hagu, bango. Ba titi, ba sama, ba ƙofar kowa, wurin zamansa kaɗai ramin yake kallo. A gefen ramin, inda yaɓen Kailu bai kai ba, tsohuwar lakar ta yi baƙi ta yi santsi, daidai inda mutum zai dafa hannu in ya daɗe yana leƙe. Sai ya tuna kakarsa. Duk ranar da ya ja tabarma ya bi inuwa ta wancan gefen, sai ta daka masa tsawa ta ce nan aka ce ka zauna. Ya sha tambayar kansa wane ne ya ce.

Ya daɗe a zaune da bulon a cinya, simintin yana bushewa a hannunsa. Kunya ta kama shi, da tausayi. Kailu, wanda ya gane tun ranar da ya duƙa awo, ya tsaya yana ta goge nibon da ba abin da ya same shi.

Ibrah ya ajiye bulon a ƙasa a hankali.

"Kawu, ana iya zagaye ta?"

"Da manyan ga, a'a. Da ƙanana, i."

Dijatu ba ta juyo ba. Ta wuce ɗakinta, aka ji ƙarar jan abu, sai ga ta da kwali a ka. Ta dire shi a bakin ƙofa har 'yan karon suka yi ƙara.

"Ki ce ma mason kada ya kuskura ya miƙe min ita. Yadda take karkace, hakanan nika son abata."

Kwana biyu Kailu ya yi a kan wurin da bai wuce gurbin karo biyu ba. Ya jera korayen a gurbin, ya bi bakin ramin, ya shiga da su cikin kaurin bangon suna bin karkatar, yana sa tsinken ashana tsakaninsu don tazarar ta zo ɗaya. Inda ya ƙi shiga sai ya yanka ya goge bakin da dutse. Yana yi yana mita, wai shekara talatin yana miƙe bangon mutane, yau da tsufansa an sa shi ya yi wa karkace ado. Da ya zo wurin da lakar ta yi santsi, Ibrah ya ce a bar nan yadda yake, Kailu ya zagaye shi bai tambayi dalili ba. Dijatu kuwa ta ɗebo toka da soso ta wanke baƙin da ta yi wa fararen, ita kaɗai, ta hana kowa sa hannu. Duwatsun murhu suka koma bayan rumbu. Baƙin Salla da suka shigo kallo suka tambayi amfanin 'yar koriyar tagar, ta ce ta hayaƙi ce, ta dube su ido cikin ido har suka ce lalle ta yi kyau.

Ranar komawarsa Ibrah ya zo da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta yi masa addu'ar hanya tana kallon turmi, kamar kowace shekara, sannan ta shige ɗakin girki ta kunna gaz ta ɗora ruwan zogale. Shi kuwa maimakon ya bi zaure ya nufi tasha, sai ya zagaya gindin bedi. An riga an naɗe tabarmar. Ya warware ta ya shimfiɗa, ya ajiye jakarsa, ya zauna yana fuskantar bangon, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai ɗauko waya ba, bai kira kowa ba, ya zauna kawai.

Samiratu ta leƙo ta ce masa motar Yamai ta kusa cika. Ya ce ta cika. Ta koma wurin uwarta, ta same ta kan kujera, hannunta ɗaya a kan tsohuwar lakar, ruwan yana ta tafasa ba a zuba komai ba. Dijatu ta ga furfurar da ta fito masa a gefen kai, wadda hula take ɓoyewa. Ta ga ya yi kama da ubansa fiye da bara. Ta kalle shi son ranta, ba sata ba, karo na farko tun ranar da aka saɓa shi a kafaɗa.

"Inna, mota za ta bar shi."

"Na ji, ba kurma nike ba." Ta ja hanci, ta gyara ɗaurin kallabi. "Ki ce ma wancan ya tashi hakanan. Na gani."

Samiratu ta kai saƙon. Ya sa hularsa, ya ɗauki jaka, ya bar tabarmar a shimfiɗe. Dijatu ba ta motsa daga kujerar ba sai da ruwan tukunyar ya kusa ƙonewa.